Ɗana, Kada Ka Sayi Maganin Dabba a Hannun Wanda Ba Ka San Ƙofar Shagonsa Ba

Ɗana, wanda ya tashi a Potiskum ba a koya masa darajar dabba. Kowace Laraba kana ganin tireloli suna lodin shanu daga kara zuwa Kudu, kuma ka sani ba mai biyan kuɗin bijimi sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora. To, yaya in an zo kan magani sai ka tura kuɗi ga wanda ya ɗora hoton kwalba a Facebook ko WhatsApp, ka koma tasha kana jiran saƙo?

Jabun magani ba ya zuwa da alamar mugunta. Kwalinsa na iya fin na gaskiya sheƙi. Wani an tsinka shi da ruwa, wani wa'adinsa ya wuce an manna sabuwar takarda, wani kuwa babu sinadarin a ciki sam. An fi kwaikwayon abin da aka fi nema: allurar oxytetracycline, ivermectin na kaska da tsutsa, da maganin sammore. Ka yi wa ragonka allura, hankalinka ya kwanta, cuta kuma tana ci gaba da cinsa. Rabin magani ma ya fi rashinsa illa, domin yana koya wa ƙwayar cuta jurewa, har in ka samo na ƙwarai daga baya ya kasa aiki.

Rigakafi ya fi buƙatar hattara. Yawancinsa ana ajiye shi cikin sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ko daga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ya fito, in ya wuni a bayan mota cikin zafin watan Afrilu, ya tashi daga aiki. Ka yi tunanin karen farautarka da aka yi wa irin wannan da sunan rigakafin haukan kare, ga yara suna wasa da shi a tsakar gida.

Saboda haka ka riƙe waɗannan. Fara da likitan dabbobi, shi zai gane cutar ya kuma auna magani daidai da nauyin dabbar. Saya a shagon da ka san mai shi, wanda za ka iya komawa ka tsare shi da magana. In dole ce ta sa ka saya ta intanet, nemi adireshin shagon da rasit, ka duba lambar rajistar NAFDAC, lambar rukunin da aka sarrafa, da ranar ƙarewar wa'adi. Abin da ke jikin kwali ya dace da na jikin kwalba, murfi kuma a rufe yake ba a taɓa ba. In farashi ya faɗi ƙasa da na ko'ina, ja da baya. Araha ba ta ado.

Kada kuma ka ba dabba maganin mutane da ka. Farasitamol da kake sha yana kashe kyanwa.

In ka yi karo da jabu, kada ka jefar ka yi shiru, kada kuma ka sayar wa wani don ka rage asara, wannan cin amana ne. Kai kwalbar ofishin NAFDAC ko wurin likitan dabbobi na gwamnati. Dabba ba ta da bakin kai ƙara, amana ce a hannunka, kuma za a tambaye ka a kanta. Allah ya yi maka albarka, ya sa wa kiwonka albarka.