Amanar Kuɗin Gyaran Hanya



Kowace damina takan bar mana hanyoyi cike da ramuka, mu kuma mukan raka 'yan'uwanmu makabarta muna cewa ƙaddara ce. Hakika rai da mutuwa a hannun Allah suke. Amma ramin da ya kifar da mota, an ware kuɗin cike shi, akwai kuma wanda aka danƙa wa kuɗin.

Mu tuna. A shekarar 2002 aka kafa hukumar FERMA domin gyaran hanyoyin Gwamnatin Tarayya. A ƙarshen 2017 aka ba da kwangilar hanyar Abuja zuwa Kaduna, Zariya da Kano a kan kimanin naira biliyan 155. A 2021 aka faɗaɗa aikin, kuɗin ya kusan kai biliyan 800. A 2024 gwamnati ta soke kwangilar sashen Abuja zuwa Kaduna, ba a gama ba. Talakan da ke biyan haraji yana da ikon tambaya: nawa aka biya, wa ya karɓa, kilomita nawa aka shimfiɗa?

Wannan tambaya ba tawaye ba ce. A cikin Bishara ta hannun Luka, sura 16, maigida ya kira wakilinsa ya kawo lissafin abin da aka ba shi riƙo. A sura 3, Yohanna Mai Baftisma ya hana masu karɓar haraji ƙari a kan abin da aka ƙayyade. Katekism na Ekklesiya Katolika ya lasafta cin hanci da aikin ha'inci cikin laifofin da doka ta bakwai ta haramta. Saboda haka ɗan kwangilar da ya rage kaurin kwalta, da injiniyan da ya sa hannu a kan aikin da bai duba ba, sun yi sata. Idan rai ya salwanta a wurin, doka ta biyar ma tana jiransu. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

To, ina namu aikin? Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa dama ya nemi takardun kwangila a rubuce. Bari kwamitin Adalci, Ci Gaba da Zaman Lafiya na kowane faris ya rubuta hanyoyin da suka lalace a yankinsa, ya haɗa kai da maƙwabtanmu Musulmi, gama rami ba ya tambayar addinin matafiyi, su kai wa shugaban ƙaramar hukuma da 'yan majalisa cikin ladabi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ku kuma 'ya'yan Ekklesiya da ke ofisoshin ayyuka, ku sani baikon da aka ɗebo daga kuɗin hanya ba ya wanke zunubi. Tuba ta gaskiya tana tafiya da mayarwa, kamar yadda Zakka ya yi.

Allah ya ba shugabanninmu tsoronsa, ya kiyaye matafiya, ya ba waɗanda suka rasu a hanya hutawa ta har abada. Amin.