Yadda Allah Ya Yi Jinyar Iliya

A karanta I Sarakuna sura 19.

Akwai wani ciwo a cikin ekklesiyoyinmu wanda ba ya kumburi, ba ya kuwa zub da jini. A shekarar 2014 'yan Boko Haram suka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Cibok cikin watan Afrilu, suka ci Gwoza cikin Agusta, suka shiga Mubi da Kwarhi, mazaunin shugabannin Ekklesiyar 'Yan'uwa, cikin Oktoba. Dubban masu-bi suka warwatse, waɗansu Yola, waɗansu Jos, waɗansu har sansanin Minawao a ƙasar Kamaru. Da yawa sun komo gida, sun gina majami'unsu, sun yi shuka sun girbe. Duk da haka akwai mutumin da in ya ji ƙarar babur da dare sai ya zabura, gumi ya keto masa. Akwai macen da warin hayaƙi ya kan mayar da ita ranar da aka ƙone gidanta, sai ta tsaya cik kamar an dasa ta. Akwai yaron da ya yi wayo, ya koma fitsarin kwance.

A kan ce wa irin waɗannan, "Ai Allah ya cece ka, ka yi godiya ka manta." In ba su manta ba, sai a fara raɗa cewa bangaskiyarsu ta yi sanyi. Mai-ciwo ya tafi gida da kaya biyu ke nan, ga tsoro ga kunya.

To, bari mu duba Iliya. Wa zai ce bangaskiyarsa ƙarama ce? Shi ne ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450 a dutsen Karmel, ya yi addu'a wuta ta sauko. Amma ya ga zub da jini mai-yawa a ranar nan, ga shi kuwa ya daɗe yana ɓuya. Da Yezebel ta aiko masa da saƙon kisa, sai ƙarfinsa ya ƙare sarai. Ya gudu kusan mil 100 zuwa Biyar-sheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji shi kaɗai, ya zauna a gindin wani ɗan itace, ya roƙi mutuwa. Ku lura, ya rabu da mutum ɗayan nan da ya rage masa. Haka mai-raunin zuciya ya kan yi, ya kan janye jiki daga mutane daidai lokacin da ya fi bukatarsu.

Me Ubangiji ya yi? Bai tsauta masa ba, bai kuwa yi masa wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci. Sa'an nan mala'ika ya taɓa shi, ya nuna masa waina mai-zafi da butar ruwa. Ya ci, ya sha, ya sake kwanciya, aka ƙyale shi. Aka sake tashe shi, aka sake ciyad da shi. Wanda ya yi jikin mutum ya san ba a warkad da zuciya cikin jikin da yunwa da rashin barci suka cinye. Likitoci ma sun tabbatad da cewa wanda ya sha babbar firgita, jikinsa ya kan zauna cikin shirin gudu ko bayan haɗari ya wuce. Bugun zuciya, da mugayen mafarkai, da saurin fushi, da gudun wurin da abin ya faru, duk daga nan su ke fitowa. Ba zunubi ba ne, ba kuwa lalle aljannu ba ne. Sabo da haka matar zumunta da ta kai kwanon tuwo, ta share ɗaki, ta ɗauki yara domin uwarsu ta sami barci, aikin mala'ikan nan ta ke yi, ko da ba ta buɗe Littafi ba.

Sai bayan kwana 40, a kogon dutsen Horeb, Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi. Iliya ya zazzage ƙararsa duka. Aka yi iska, da rawar ƙasa, da wuta, daga baya Allah ya kusato shi a hankali, ya sake yi masa tambayar nan. Iliya kuwa ya maimaita amsarsa ta fari, bai sake ko kalma ɗaya ba. Ubangiji ya saurara sau biyu. Mu 'yan adam mu kan gaji da labarin da muka riga muka ji, amma mai-rauni ya kan faɗi nasa sau goma kafin ya daina ƙona shi. Kada a katse shi. Kada kuma a tilasta shi ya tsaya gaban jama'a ran Lahadi ya ba da shaida tun bai shirya ba, ko a matsa masa ya ce ya gafarta wa waɗanda suka kashe ɗansa domin mu ji daɗi. Gafara za ta zo, Ruhu Mai-Tsarki ne mai-kawo ta, ba shi kuwa bin agogonmu. Abokan Ayuba sun yi kirki kwana 7 da suka zauna shiru. Da suka buɗe baki ne suka ɓata.

Mutane da yawa su kan sami sauƙi cikin makonni kaɗan in suna tsakanin masu-ƙaunarsu. Amma in wata guda ya wuce mutum ba barci, ba aiki, ko ya kama shaye-shaye domin ya manta, a kai shi wurin likita. Akwai asibitocin gwamnatin tarayya na ciwon ƙwaƙwalwa a Maiduguri da Kaduna, zuwa can kuwa ba shi ne hauka ba. In ya yi maganar kashe kansa, kada a ce wasa ya ke yi. A kawad da fiya-fiya da igiya daga ɗakin, wani ya kwana tare da shi, a nemi likita ba jinkiri. Addu'a tana tafiya tare da wannan duka.

Daga ƙarshe ne Allah ya gyara tunanin Iliya. Yana tsammani shi kaɗai ya rage, ashe akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Ya ba shi aiki, ya komad da shi, Yezebel kuwa tana nan da ranta, kamar yadda 'yan'uwanmu da yawa suka koma garuruwan da ba su gama zama lafiya ba. Amma bai komad da shi shi kaɗai ba, ya ba shi Elisha. Dattawan kowace ekklesiya su zauna su lissafta masu-raunin da ke cikinsu, su sa wa kowane ɗaya mutum guda mai-riƙon asiri, mace ga mace, namiji ga namiji, wanda zai riƙa zuwa ko ba a kira shi ba. Elisha ya bar garmarsa ya bi Iliya har ƙarshe, shekaru bayan haka kuwa abin da fādawan sarki suka tuna da shi ke nan, wai shi ne mai-zuba wa Iliya ruwan wanke hannu.