Kyamara Tana Gani, Akwati Ke Riƙewa

Wanda ya saba bin hanyar Anka zuwa Gummi ta Daki Takwas zai lura da wani abu da babu shi a 'yan shekarun baya: ƙananan kyamarori farare maƙale a ƙarƙashin rumfar gidan mai, ko a saman ƙofar kantin magani, ko a kusurwar shagon mai POS. Ba su yi yawa ba tukuna, amma suna ƙaruwa, kuma ba sai an tambayi dalili ba a ƙasar da barci ya zama rabi da rabi. Abin da mai wucewa ba ya gani shi ne akwatin da duk wayoyin kyamarorin nan suke komawa gare shi. Baƙi ne shafaffe, girmansa bai wuce na dikodar talabijin ba, masu sana'ar suna kiransa DVR. Yawanci yana can ƙarƙashin kanta ko bisa wani kwali, ƙura ta lulluɓe shi, tun ranar da aka haɗa ba wanda ya sake waiwayarsa.

Ranar haɗi, hankalin mai shago yana kan kyamara ne kacokan.

"Injiniya, wanga ido yana hango har bakin titi?"

"Yana hangowa, Alhaji."

"To, madalla. A sa mani shi cikin waya."

Da zarar hoton ƙofar shago ya fito a allo, kuma ya fito a waya, sai a biya kuɗi a yi sallama. Da wuya ka ji an yi tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, wato kwana nawa akwatin yake riƙe abin da aka gani, da ma ko yana riƙewar.

Irin wannan kyamara ba ta ajiye komai. Aikinta ta gani ta tura ta cikin waya. Akwatin ne yake karɓar hoton, ya matse shi, ya buga masa rana da lokaci, ya rubuta shi a kan faifan ajiya da ke cikinsa. Akwai mai ɗaukar kyamara 4, akwai mai 8, akwai mai 16, kuma mafi yawan waɗanda ke kasuwanninmu na kamfanonin Sin ne, irin su Hikvision da Dahua da ke birnin Hangzhou. Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne galibi ana sayar da akwatin ne fanko, faifan daban ake saye. Kuma akwati fanko yana nuna hoto tangaran a allo. Za ka ga mai babur ya wuce, ka ga yaron shago yana awo, ka ga akuya ta leƙo, zuciyarka ta kwanta, alhali ko daƙiƙa ɗaya ba a ajiye ba. Haka nan idan an sa sabon faifai ba a shiga saiti an shirya shi ba, ko faifan ya mutu daga baya. Wasu akwatunan suna kukan gargaɗi idan haka ta faru, sai ƙarar ta dami mutane, a kira mai gyara ya kashe ta, a zauna lafiya da matsalar.

Gane gaskiyar lamarin ba shi da wuya. A kusurwar hoton kowace kyamara akwai 'yar alama da ke nuna ana naɗa. Amma kada a tsaya ga alama. A kama linzamin, a shiga wurin maimaita kallo, a zaɓi daren jiya da ƙarfe 2, a gani da ido. In hoton ya fito, akwati yana aiki. In wurin ya fito wayam, to an yi ba a yi ba.

Sai maganar cika. Faifan nan rumbu ne da ba ya ƙin karɓar sabon hatsi: idan ya cika, sai ya zubar da mafi daɗewa ya zuba na yau, ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Lissafinsa a fili yake. Kyamarar da aka saita a kan megabit 2 a daƙiƙa tana cin kusan giga 21 a awa 24. Guda 4 za su ci wajen giga 86. Ke nan faifai mai terabait 1 zai riƙe kimanin kwana 11, in kuwa kyamarori 8 ne, bai kai kwana 6 ba. Ana iya tsawaita wa'adin. Akwai salon matse hoto da ake kira H.265 wanda ke rage cin wuri da kusan rabi, kuma ana iya saita akwatin ya riƙa naɗa sai in ya ga motsi. Amma duk dabarar da aka yi, wa'adi yana nan, kuma ya kamata mai shago ya san nasa kamar yadda ya san ranar da kuɗin hayarsa ke ƙarewa.

Nan ne halinmu yake cin karo da halin na'urar. Mu mutane ne masu kawaici. In mai kanti ya ga ciniki bai cika ba, ba ya son ya zargi yaron da ya riƙa tun yana ƙarami, sai ya ce bari a ga gobe. Gobe ta zama jibi, a jira ƙarshen wata a ƙirga kaya. Sai an tabbatar katan-katan sun yi ƙafa sannan a tuna da akwati, a kira injiniya, a tarar hoton makon da ake nema an daɗe da rubuta wani a kansa. Kawaicin ba laifi ba ne, ina ma ganinsa cikin kyawawan abubuwan da suka rage mana. Sai dai cire hoto a ajiye a filash ba zargin kowa ba ne. Ana iya kwafe na ranar da zuciya ta yi ɗar, a jefa a aljihun tebur, a ci gaba da kyautata zato. In babu komai, ba a yi asarar komai ba.

Wuta kuwa, kowa ya san yadda take. Zamfara tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, kuma a garuruwan yamma da ƙauyukansu dogaron masu sana'a ya fi karkata ga janareta da sola. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a jona akwatin a layi ɗaya da firji da fanka. Dare ya yi, a kashe janareta a rufe shago, akwati ma ya kwanta tare da mai shi, daidai lokacin da aka saye shi dominsa. Abin takaicin shi ne ba wata wuta mai yawa yake ci ba. Kyamarori 4 da akwatinsu ba su cika wuce wat 40 ba in an kashe allon. Daren awa 12 zai ci wajen wat-awa 480. Batiri mai bolt 12 da amfiya 100, ko da rabinsa kawai aka sha don kada ya lalace da wuri, zai kai su asuba, muddin nasu ne su kaɗai, ba wanda zai zo ya laƙa cajin waya ko ya jona fanka. Kuma yankewar wuta farat ɗaya tana gajarta ran faifan, domin a cikinsa akwai faranti mai juyawa da gudu.

Akwai wani ɗan abu da nake so duk mai akwati ya gani da idonsa ko sau ɗaya. In aka kwance sukurori aka ɗaga murfin, bayan an hure ƙurar hunturu da ta kwanta a kan allon lantarkin, za a ga wani batiri zagayayye mai sheƙi kamar kwabo. Aikinsa guda ne: ya riƙe agogo idan wuta ta ɗauke. In ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita sai akwatin ya koma wata tsohuwar shekara da aka sa masa a masana'anta. Hoto zai ci gaba da fita, naɗi zai ci gaba, amma abin da ya faru daren Talata za a same shi ɗauke da kwanan watan da ya shuɗe shekaru da dama. Nemo shi wahala ne, kare shi a gaban alƙali kuma ya fi wahala. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya shardanta cewa kafin kotu ta karɓi shaidar da ta fito daga na'ura mai ƙwaƙwalwa, sai an nuna na'urar tana aiki daidai a lokacin, kuma a haɗa da takardar tabbaci daga wanda ke kula da ita. Lauyan ɗaya ɓangaren ba zai buƙaci dogon jawabi ba in agogon ya nuna wata shekara daban. Batirin nan bai kai kuɗin kwanon abinci ba.

Dalilin da ya sa wannan ƙaramin akwati yake tsaya mini a rai ya wuce satar katan ɗin madara. Ƙasar nan tamu da maƙwabtanta sun ga abubuwa da yawa, abin da aka riƙe a rubuce kaɗan ne. A farkon Janairun 2022, bayan hare-haren da aka kai ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen yankin suka ce sun kai wajen 200. Tsakanin lambobin nan biyu akwai mutane masu suna, masu 'ya'ya. Kafin nan, a 2010, yara sun yi ta mutuwa a Dareta da Abare da 'Yargalma, kowane ƙauye yana binne nasa yana ɗauka zazzaɓi ne ko sanƙarau. Sai da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura a watan Maris, aka tattara adadi wuri guda, aka gwada jini, sannan aka gane gubar dalma ce daga duwatsun zinarin da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Ba ina cewa kyamara za ta hana ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ba za ta tare mai bindiga ba, kuma duk wanda ya sayar wa talaka ita da wannan alkawari ya cuce shi. Abin da nake cewa shi ne idanu ba su taɓa yi mana ƙaranci ba. Abin da muke rasawa shi ne wanda zai rubuta, ya sa rana, ya adana, ya kuma koma ya duba kafin abin ya shafe.

Manya ma ba su tsira ba. A 2010 gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar dala miliyan 470 don tsarin sadarwar tsaro da ya haɗa da kyamarori a Abuja da Legas, akasarin kuɗin bashi ne daga Sin. Turakun sun tsaya a tituna kowa yana gani, amma shekara da shekaru ana tambaya a majalisa da kotu ina amfanin da aka samu. Kafa abu yana da ranar buki da ɗaukar hoto. Kula da shi ba shi da ko ɗaya, shi ya sa ba a rububinsa.

Kallo ta waya yana da daɗi, amma watan Satumban 2021 ya koya wa Zamfarawa iyakarsa. Da aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar, aka ce mako biyu, abin ya kai watanni a wasu ƙananan hukumomi, duk mai dogaro da waya ya makance. Akwatin kuwa ba ruwansa da sabis. In yana da wuta da faifai, naɗinsa yake yi. Intanet ƙari ne, kuma ƙarin da ke zuwa da nasa haɗarin. A Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban kyamarori da akwatuna irin waɗannan a faɗin duniya, aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuka a Amurka, kuma ƙofar da ta bi ita ce kalmar sirrin masana'anta da masu su ba su canza ba. A wurinmu haɗarin ya fi kusa da haka. Wanda ya haɗa maka na'ura ya tafi da kalmar sirrinka yana iya ganin lokacin da kake ƙirga kuɗi da lokacin da kake rufewa. Yawancinsu mutanen kirki ne masu neman halali, amma waya tana ɓata, ana sace ta, ana ara. A yankin da kowa ya san ɓarnar masu kai rahoto, ya kamata mai shago ya sa a nuna masa yadda ake canza kalmar, ya canza da hannunsa bayan injiniya ya tafi. Injiniyan kirki shi da kansa zai ce a yi hakan.

Wurin ajiye akwatin ma abin tunani ne. Ɓarawon da ya san abin da yake yi ba ya ɓata lokaci a kan kyamara, wayar yake bi har ya kai ga akwati ya ɗauke. Allo ya zauna a fili, akwati ya koma wani wuri mai kulle da iska ke shiga, domin zafin bazara yana kashe faifai. In kuma wani abu ya faru aka sami hoto, ina roƙon a yi haƙuri da tura shi WhatsApp da Facebook. Hoton yana nuna fuskar mai laifi, amma yana nuna daga ƙofar wa aka ɗauka. A kwafa gida biyu, a ajiye ɗaya, a kai ɗaya ga hukumar da aka amince da ita ta hannun wanda ya san hanya.

Saura haƙƙin maƙwabci. Kyamarar da aka ɗora a saman bene ko a kan dogon turke takan tsallake katanga ta faɗa tsakar gidan wani, inda mata ke daka da wanki ba lulluɓi, da yaƙinin ba mai ganinsu. Suratul Hujurat ta hana binciken asirin mutane, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, amma ko ba a kai ga nan ba, kowa ya san ba zai yarda a yi wa gidansa haka ba. Gyaran ba ya cin kuɗi. Ana sunkuyar da kan kyamarar, ko a shiga saiti a ja baƙin tambari a rufe sashen da ya leƙa gidan mutane, yadda ko a allo ko a faifai ba zai fito ba. Kafin injiniya ya sauko daga tsani, a kira maigidan da ke maƙwabtaka ya tsaya gaban allon ya duba da kansa. In ya ce a ƙara karkatar da ita, a karkatar.