Da wane mudu ake auna hasara?

Kwanaki ina duba jerin guguwowin teku da aka ce sun fi kowace ɓarna a tarihi, sai wani abu ya tsaya mini a rai. A sahun gaba akwai Katrina, wadda ta fasa madatsun ruwan birnin New Orleans na Amurka a 2005, da Harvey, wadda ta nutsar da Houston a 2017. Kowace an ƙiyasta ɓarnarta a wajen dala miliyar 125. Na nemi Mitch a saman jerin, ban gan ta ba. Alhali a 1998 ta kashe mutum sama da 11,000 a Amurka ta Tsakiya, galibi a Honduras da Nikaraguwa. Ita ɓarnarta wajen dala miliyar 6 aka rubuta.

To, wace ta fi ɓarna ke nan?

Da yake ilimin harshe nake karantawa, kalmomin na fara tuhuma. Bahaushe ya raba tsada da daraja. Tsada a kasuwa ake sanin ta, daraja kuwa sai mai abu. Wannan jeri tsada yake aunawa: gidaje, motoci, masana'antu, da abin da kamfanonin inshora suka biya. Gidan mai hali a Houston na iya fin kuɗin ƙauye guda a Honduras. Amma manomin da ruwa ya tafi da bukkarsa da gonarsa ta ayaba, ai duk abin da ya mallaka ne ya tafi. Shugaban ƙasar Honduras na lokacin, Carlos Flores, cewa ya yi guguwar ta mai da su baya da shekara 50.

Wani zai ce da ni, malama, ba a gyara gada da tausayi, dole a san kuɗinta. Na yarda. In babu lissafi, babu kasafi, babu taimako. Inda na tsaya shi ne, abin da aka fi ƙirgawa da kyau shi aka fi kulawa da shi. Dubi Maria a tsibirin Puerto Rico, 2017. Hukuma ta daɗe tana cewa mutum 64 suka mutu. Sai da aka kusa shekara, bayan binciken jami'ar George Washington, ta amince da 2,975. Da yawansu bayan iskar ta lafa suka rasu, don rashin wuta da magani.

Ko a shari'a an yanka wa rai diyya, raƙumi 100, amma ba a ce ta attajiri ta fi ta talaka ba. Nan ne nake ganin lissafin dala ya gaza. Ni dai in zan tsara jerin, kusa da kuɗin zan ƙara tambaya biyu: mutum nawa suka mutu, kuma me ya rage a hannun waɗanda suka tsira?