Makokin 'yan fim da mawaƙa: abin da ya halatta ga masoyi

Tambaya

Ni matashi ne mai shagon cajin waya da tura finafinai a Kano. Tun rasuwar Hajiya Saratu Giɗaɗo, wato Daso, a ƙarshen azumin 2024, da ta mawaƙi El-Mu'az Birniwa a Disambar 2024, abu ɗaya nake ta gani. Da an ce wane ya rasu sai shago ya cika da masu son a tura musu finafinansa ko waƙoƙinsa, hotunansa su mamaye Facebook da TikTok. Wasu na kuka, wasu na cewa ɗan Aljanna ne, wasu na cewa ga ƙarshen mai rawa da waƙa nan. Ni ma na yi hawaye ranar Daso alhali ban taɓa ganinta ido da ido ba, sai abokina ya ce na yi zunubi, wai ba a yi wa ɗan fim kuka. Malam, mene ne hukuncin kukan, da addu'ar, da turin da nake yi? Haka kuma in ɗan fim ɗin Indiya ya mutu, me za mu ce?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Allah ya jiƙan waɗanda ka ambata, mu kuma ya sa mu cika da imani.

Ɗana, hawayenka ba zunubi ba ne, abokinka ya yi gaggawar yanke hukunci. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim yake gargara, har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, sai ya sanar da shi cewa wannan rahama ce. Da ya je duba Sa'adu ɗan Ubada ma ya yi kuka, ya fahimtar da sahabbai cewa Allah ba ya kama bawa da hawayen ido ko ɓacin zuciya, harshe ne ke jawo azaba ko jinƙai. Babu inda aka ce sai ɗan'uwan jini ake yi wa hawaye. Wanda ya shekara da shekaru yana shiga ɗakinka ta akwatin talabijin yana sa ka dariya, zuciya ta riga ta saba da shi ko ba ku taɓa gaisawa ba. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi da maganganun jahiliyya, kamar yadda ya zo a hadisin Ibnu Mas'ud. A yau irin wannan ya fi yawa a rubuce: wai mutuwa ba ta yi adalci ba, wai ya tafi lokacinsa bai yi ba. Abin da yatsa ya rubuta hukuncinsa ɗaya da abin da baki ya furta. Mai kafa waya a gabansa yana birgima yana ihu don ya tara mabiya kuwa ya haɗa laifi biyu, kukan da aka hana da kuma cin kasuwa da mutuwar ɗan'uwansa.

Makoki kuma yana da wa'adi. Ummu Habiba, matar Annabi (SAW), da mahaifinta Abu Sufyan ya rasu, bayan kwana uku ta sa aka kawo turare ta shafa, ta ce ba don tana buƙatarsa ba, sai don ta ji Annabi ya hana mace makokin da ya wuce kwana uku, ban da takabar miji ta wata huɗu da kwana goma. In 'ya ta tsaya nan a kan mahaifinta, masoyin da ya baƙanta hotonsa ya ce sai an yi arba'in zai koma harkokinsa ba shi da madogara. Tunawa da mamaci dai ba ta da wa'adi. Shekaru bayan rasuwar Nana Khadija, Annabi (SAW) yana yawan ambatonta, yana yanka akuya ya aika wa ƙawayenta.

Inda na fi jin tsoro shi ne bakin mutane a kan makomar mamaci. Ga masu jefa shi wuta: a zamanin Annabi (SAW) akwai wani sahabi mai suna Abdullahi, ana yi masa laƙabi da Himar, wanda ya kasance yana ba Annabi dariya. An sha kawo shi a yi masa bulala saboda giya. Wata rana wani ya la'ance shi don yawan kawo shi da ake yi, sai Annabi ya hana, ya kuma yi masa shaida da son Allah da Manzonsa. Bukhari ne ya kawo wannan daga Sayyidina Umar. Ka duba, mai barkwanci ne, laifinsa ya tabbata a gaban shari'a, yana raye, amma aka tsare masa mutuncinsa. To ina ga wanda ya riga ya kwanta dama, wanda Nana A'isha ta ruwaito hani a kan zaginsa domin ya riga ya isa ga abin da ya gabatar? Muslim kuma ya ruwaito daga Jundubu labarin mutumin da ya rantse cewa Allah ba zai gafarta wa wane ba, sai Allah ya gafarta wa wanen, ya rushe aikin mai rantsuwar. Duk mai rubuta "ga ƙarshensu nan" a ƙarƙashin hoton mamaci ya karanta wannan hadisi sau biyu kafin ya danna. Bai san tubar da aka yi da tsakar dare ba, bai san marayun da aka ciyar a ɓoye ba. Sau da yawa ma ba mutumin yake hukuntawa ba, rawar da ya taka a fim yake hukuntawa. Daso ta yi suna da fitowa a masifaffiyar mace, amma shari'a ba ta ɗaukar halin da aka rubuta wa mutum ya kwaikwaya a matsayin shaida a kansa.

Wannan bai hana malami ya yi wa masana'antar fim nasiha ba, ko ya ce abu kaza da ake yi a fim haramun ne. Ana sukar aiki. Gawar wane ɗan wane, a ranar da 'ya'yansa ke karɓar gaisuwa, ba ita ce allon wa'azi ba.

Masu ba shi Aljanna kai tsaye su ma sun wuce gona da iri. Da Usmanu ɗan Maz'un ya rasu, Ummul Ala ta ce ta shaida Allah ya girmama shi, sai Annabi (SAW) ya tambaye ta yadda aka yi ta sani, sannan ya ce shi dai yana yi masa fatan alheri. Usmanu fa na cikin Muhajirai na farko. Cikawa a Ramadan, ko ranar Juma'a, ko bayan sallah, abu ne da ke sa a kyautata zato, kuma yabon da jama'a ke yi wa mamaci yana da nauyi, domin a hadisin Anas an kira muminai shaidun Allah a bayan ƙasa. Sai a ce muna kyautata masa zato, Allah ya sa Aljanna ce makoma. Haka waɗanda hatsarin mota ya ɗauke, irin su Ahmad S. Nuhu a farkon 2007 da Kamal Aboki a Janairun 2023: wasu malaman zamani sun yi kiyasin su a kan wanda gini ya rufta wa, don haka muna yi musu fatan shahada, ba ma yanke ta.

Addu'a kuwa haƙƙinsu ce kamar kowane Musulmi, haka wanka da sallah da rakiya zuwa makwanci. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Khalil ya ambaci karhancin manyan mutane su sallaci wanda ya bayyana babban zunubi, don ya zama tsawatarwa ga masu rai, amma da sharaɗin akwai wasu da za su sallace shi, kuma ba kowane ɗan fim ne ya shiga wannan siffa ba, balle a mai da ita tambarin sana'a. Wanda yake nesa, a Yamai ko Kumasi, ba sai ya tara mutane sallar ga'ib ba. Malikawa da Hanafawa ba sa yin ta, suna ganin wadda Annabi (SAW) ya yi wa Najjashi keɓantacciya ce. Shafi'awa da Hanbalawa sun halatta. Wanda dubbai suka sallata a garinsu, addu'arka daga inda kake ta isa.

Sai batun shagonka, kuma a nan nake so ka natsu. Tambayar da masoyi ya kamata ya yi kafin ya yaɗa komai ita ce: wannan abu, da za a tambayi mai shi yanzu a kabarinsa, zai so a ƙara yaɗa shi? Muslim ya ruwaito cewa aikin ɗan'adam na yankewa da mutuwarsa sai sadaka mai gudana da ilimi mai amfani da ɗa nagari mai addu'a. Ya kuma ruwaito daga Jarir cewa wanda ya assasa kyakkyawa yana da ladan masu koyi da shi, wanda ya assasa mummuna yana da kwatankwacin zunubinsu. Ɗan fim da mawaƙi sun fi kowa shiga wannan babi, domin aikinsu na ci gaba da yawo bayan an kai su. Rabilu Musa Ibro ya rasu tun Disambar 2014, amma yaran da aka haifa bayan haka suna kallonsa yau.

Saboda haka ka kasa kayanka. Wasan da ke koyar da zumunci, ko tona asirin boka, ko jan kunne kan auren dole da cin amana, ko barkwanci mai tsabta, babu laifi a tura shi, muna ma fatan ya zame wa mai shi lada. Abin da haramcinsa ba a jayayya a kai, kamar tsiraici da rawar batsa da cin mutuncin wani, ka daina tura shi, ka goge, musamman na wanda ya rasu. Ba ina cewa duk wanda ya kalla sai an ƙara wa mamaci azaba ba. Ba a ɗora wa rai kayan wani, kuma wanda ya tuba ya so a janye abin amma ya fi ƙarfinsa, muna fatan ya kuɓuta, nauyin ya koma kan mai yaɗawa, wato kai. A tsakiya akwai waƙar da kalmominta ba su da aibi amma da kayan kiɗa. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa ban da ganga mai fuska ɗaya a biki. Ibnu Hazm da wasu sun halatta. Ni ina tare da mafi yawa, amma ba na kafirta ko fasiƙantar da wanda ya bi ɗaya ra'ayin. Abin da nake cewa shi ne ranar mutuwa ba ranar shiga saɓani ba ce. A ɗauki hoton mamaci a ɗora masa waƙar soyayya a ce ta'aziyya ake yi, wannan bai amfane shi da komai ba. Hotunan mace da ta ɗauka cikin kwalliya, kai ba ɗankwali, masoyinta na gaskiya shi ne wanda ya ɓoye su. Hoton gawa kuwa, a gadon asibiti ko a wurin hatsari ko a makara fuska a buɗe, kada ya shiga wayarka balle ya fita daga shagonka, domin alfarmar Musulmi yana matacce kamar alfarmarsa ce yana raye.

Akwai wani abu da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa. Fim da waƙa dukiya ce. In haƙƙinsu na mamacin ne, daga ranar da ya cika sun koma na magada, wataƙila har da marayu. Cinikin da ya ƙaru a shagonka saboda rasuwarsa, in ba da izinin masu haƙƙi kake turawa ba, ka nemi hanyar daidaitawa da su.

In kana son ka yi masa abin da zai same shi, fara da bashi. An kawo wata gawa Annabi (SAW) ya ƙi sallatarta saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Suna ba kuɗi ba ne. Sau nawa muka ga tsohon ɗan wasa yana jinya ana neman masa taimako, sannan ranar da ya rasu a cika gari da hotonsa? Ƙungiyoyin masoya su tambayi iyali ko akwai bashi, ko kuɗin makarantar yara, su damƙa abin da suka tara a hannun amintacce sananne, don 'yan damfara ma na buɗe asusu da sunan mamata. Su haƙa rijiya, kamar yadda Sa'adu ɗan Ubada ya yi wa mahaifiyarsa sadakar ruwa. Su kai abinci gidan rasuwa kamar yadda aka umarta a yi wa iyalan Ja'afar bayan yaƙin Mu'uta, kada su je su zama nauyi ana dafa musu, ko su riƙa ɗaukar masu takaba a waya. Mai baiwar waƙa zai iya yin marsiyya. Hassanu ɗan Sabitu ya yi wa Annabi (SAW), Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837. Sharaɗinta gaskiya a yabo, da rashin fushi da ƙaddara. Taron uku da bakwai da arba'in, da na cikar shekara, malamanmu sun daɗe suna saɓani a kai. Abin da ba a saɓa ba shi ne addu'a da sadaka suna isa a kowace rana, don haka kada a ɗaure su da wata rana, kada kuma taron ya rikiɗe ya zama gala.

Game da 'yan Indiya, kada suna ya ruɗe ka. Dilip Kumar da ya rasu a 2021 Musulmi ne, sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan, haka Irrfan Khan da ya rasu a 2020. Waɗannan a yi musu addu'ar gafara. Wanda aka san ya mutu ba a kan Musulunci ba, aya ta 113 a Suratut Tauba ta hana nema masa gafara. Amma ba a hana ka jin zafin mutuwarsa ba, ko faɗin alherin da ya yi, ko yi wa iyalansa fatan haƙuri da shiriya. An wuce da gawar Bayahude Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko wane ne sai ya tunatar da su cewa shi ma rai ne. Zagi da murna da mutuwarsa ba su halatta gare ka ba, makomarsa kuma ka bar wa Mahaliccinsa.

Allah ne mafi sani.