Araha da Amana: Tsokaci Kan Kyamarar Ɗaukar Fim

A shekarar 1976, lokacin da Adamu Halilu ya shirya fim ɗin Shaihu Umar, a kan zaren fim ake ɗaukar hoto. Naɗi ɗaya na zare mai faɗin milimita 16, mai tsawon ƙafa 400, minti 11 kacal yake ɗauka, kuma sai an wanke shi kafin a ga abin da aka samu. Wannan tsada ita ke tilasta wa mai kyamara yin nazari kafin ya danna. Bidiyo, wanda fim ɗin Turmin Danya ya share wa fage a Kano a 1990, ya sassauta wannan dabaibayi, sannan kyamarar dijital ta kwance shi baki ɗaya.

Ga matashin Nguru ko Gashuwa mai shirya fim da guminsa, aljihu ya riga ya yanke hukunci: dijital zai ɗauka. Muna maraba da haka, domin masuncin Bade da manomin shinkafa na fadamar Haɗeja da Nguru sun sami mai ba da labarinsu daga cikin gida.

To amma in tsada ta daina taka mana burki, me zai taka? Ɗaukar hawayen matar da ambaliyar 2022 ta rushe wa ɗaki a Gashuwa ba ya cin ko kwabonmu; ita ce ke biya da mutuncinta. Masu hikima sun ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Saboda haka, jinkirin da zare ya ɗora wa magabata dole, wajibi ne mu ɗora wa kanmu da zaɓi: mu nemi izini, mu auna, sannan mu danna.