Loma ta ƙarshe ta wa ce?

Ƴan uwa ɗalibai, bari in fara da tona asirin kaina. Wata Asabar abokina ya ja ni bikin aure a unguwar Bukoki. Kwana uku ke nan ina fama da garin rogo da sukari, don kuɗin da nake jira daga gida ba su iso ba. Aka aje mana tire na shinkafa da naman rago, mu shida, har da wani yaro. Na ƙoshi tun da wuri, amma ban tsaya ba. Sai ganin hannuna na yi a gaban yaron. Ya dube ni, ya janye nasa, ya tashi. Da dare na ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda, ciki kamar ganga, na kasa barci balle karatu.

Tun ran nan tambaya guda ke damuna: wanda ya sha yunwa, laifi ne in ya samu ya cika ciki?

Da farko na kare kaina. Na ce wa'azin rage ci na masu firiji ne, ba na ɗalibin da bai san abin da zai ci gobe ba. Mu ƴan ƙasar da ta san yunwa ne. A 2004 damina ta gaza, fara ta cinye saura, a 2005 yunwa ta afka wa jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa. Innata ta ce a ƙauyenmu anza suka riƙa jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, sannan su ci. To ɗan wannan gida za a ce wa ya rage loma?

Amma da na sake tunani, hujjar nan ni ta kama. Innar da ta ci anza ita ce ba ta taɓa sa hannu a ƙwarya ba sai ta ga ƙananan sun samu. Yunwa ta koya mata lissafi, ni kuwa tsoro ta koya mini. Abin da na ci bayan na ƙoshi ba yunwa ce ta ci shi ba, tsoron gobe ne. Kuma ciki ba rumbu ba ne: washegari da azahar yunwar ta dawo daram, yaron kuwa ya riga ya rasa rabonsa.

Tun muna makarantar allo muka ji cewa ciki kashi uku ne: na abinci, na ruwa, na numfashi. Masana lafiya ma sun ce ƙoshi kan ɗauki wajen minti 20 kafin mutum ya ji shi. Mai sauri yakan wuce iyaka bai sani ba. Ku duba yadda muke yi da azumi in an sha ruwa: kunu, ƙosai, dambu, kankana, duk a tashi guda, sannan a je asham ana nishi.

Yanzu ga ɗan abin da nake gwadawa. Ina aje waya in zan ci. Ina ci a gabana kawai. Ina rage girman loma, in tauna sosai. In na ji kamar zan ƙara, sai in dakata kaɗan, in dubi waɗanda muke ci tare.

Ba kullum nake cin nasara ba, gaskiya. Amma duk sanda hannuna ya nufi lomar ƙarshe, fuskar yaron nan nake gani.